Gadar Saiwa

A duwatsun Khasi, can gabashin Indiya,
inda sama kan manta yadda ake ɗaukewa,
katako ba ya shekara uku a kan rafi.
Ruwa ya lasa, gara ta ƙarasa.
Ƙarfen da aka hauro da shi a kafaɗa ma
tsatsa ta shafa masa jan baki, ta cinye.

Ina shekara bakwai
kakata Drimsibon ta ja ni bakin kwazazzabo.
Akwai itace a can, ɗan'uwan cediya,
mai sako saiwoyi daga sama kamar gemun tsoho.
Ta kamo guda, siririya, ba ta kai igiyar guga ba,
ta kwantar da ita cikin kututturen da aka rarake,
ta juya bakinta ya dubi ƙetare
kamar mai nuna wa baƙo hanyar kasuwa.

Na ce, Kaka, yaushe za mu haye?
Ta tofar da jan yawun ganyen da take tauna.
Ta ce, Mu?
Ta yi dariya har da dafe haƙarƙari.

Kowace damina mukan gangara,
saƙar gora kife a bayanmu kamar kunkuru,
mu duba abin da saiwa ta yi.
Bana kamu ɗaya. Baɗi taki biyu.
Wata shekara ambaliya ta tsinke uku cikin biyar.
Kaka ta zauna a kan dutse har magariba,
ba ta ce uffan ba.
Da gari ya waye ta sake ɗaurawa.

Saiwa in ta gamu da saiwa
ba ta gaisawa ta wuce.
Sai su manne, fata ta ci fata,
har ka rasa wace ce ta zo, wace aka tarar.
Kawuna Lamphrang yakan cusa faffaɗan dutse a tsakani,
su rungume shi, su ƙi saki.
Shi ne daɓen da muke takawa yau.

Ranar da ta farko ta taɓa ƙasar ƙetare
ta dulmiya kai kamar jariri ya sami nono,
Kaka ta shekara huɗu da tafiya.
Na hau tudu, gindin dutsen da ƙasusuwanta ke kwance,
na ce, Ta isa.
Iska ce kawai, da wani kare yana haushi a ƙasa.

Yanzu ni ce mai dafe gwiwa.
Ina haye ta da kwandon lemo a baya,
ruwa na ruri a ƙasa, fari fat,
ita ko gezau.
Gadar da ke shan ruwan da ya zo karya ta,
ta ƙara ƙiba.

Baƙi masu kyamara kan tambaya, Wa ya gina?
In buɗe baki, in rasa ta ina zan fara.
Sai in kai su tsakiya, hannun hagu,
wurin wani ƙulli da ya kumbura kamar gwiwar sa,
in ce su taɓa.
Nan ta yi kuskuren ɗauri, hannunta na rawa don sanyi,
ta ce za ta dawo ta gyara.

Jikata Dapbiang ta gano wata siririya jiya
tana reto saman ruwa.
Ta ce, Wannan fa, ina za ta?