Ji Ya Kori Gani

Ruwan Yuni na zuba a Ochanomizu,
jirgin ƙasa na rarrafe ta gefen kogi.
Ni Sumie, shekara hamsin da tara,
talatin daga cikinsu a kan keken ɗinkin labule,
na hau bene na uku da ambulan a jaka,
kuɗin da na ɓoye wa kowa, har da ni kaina.

Kuwabara mai shago bai ko miƙe ba.
Tabarau a goshi, warin dalma a yatsu,
da haɓa ya nuna bango:
"Jita biyu kuɗinki zai kai. Sauko da su."

Ta farko ja wur,
fentinta na sheƙi har na hango furfurata a ciki.
"Maɗaci ce," in ji shi. "Da gam aka haɗa wuya da jiki,
babu kusa ko ɗaya.
Taɓa tsirkiya ki ji, sautin ba ya saurin mutuwa."
Na taɓa. Bai mutu ba
sai da jirgi na biyu ya wuce.
Na rataya ta: kilo huɗu da rabi.
Kafaɗar da keke ya riga ya cinye
ta ce mini, ba da ni ba.

Ta biyu launin madarar da ta kwana,
gefenta ya koɗe inda damtsen wani
ya shekara yana goga.
Sukurori huɗu ke riƙe da wuyanta.
"Wannan in wuya ya lanƙwashe, a kwance a sa wani.
Waccan in ta faɗi ta karye a maƙogwaro,
sai dai ki zauna ki yi kuka."

Na kai hannu ga waya zan jona lantarki,
ya ce, "Tukuna.
Itacen da bai yi magana da kansa ba,
lasifika ba za ta koya masa ba."
Na manna kunne a jikin kowace.
Ja tana gunaguni can ƙasa, kamar mai ƙoshi.
Tsohuwar tana rawa har cikin haƙorana.

Na bi gefen wuya da ɗan yatsa,
ƙarfe bayan ƙarfe.
A na goma sha biyu ja ta karce ni.
Tsohuwar sumul, wani ya zauna ya goge bakin kowane ƙarfe,
wanda ba a biya shi don hakan ba.

Sai na ce, "Buɗe mini cikinsu."
Ya sauke tabarau, karon farko ya dube ni.
Ai mai ɗinki ba ta sayen riga
sai ta juya ta bai-bai.
Cikin ja, dalma dunƙule-dunƙule kamar kashin kaji,
wayoyi sirara a cukurkuɗe.
Cikin tsohuwar, kowace waya ta san hanyarta,
an ɗaure, an datse, kamar kalmasar hannu,
da wata rana da aka rubuta da fensir
tun ina budurwa.

Muka jona.
Ja shiru take kafin a taɓa ta, naɗin tagullarta biyu-biyu,
in ta buɗe baki, murya kauri kamar zuma.
Tsohuwar tun ba a taɓa ta ba take zuuu,
irin kukan firij ɗina da tsakar dare
tun da gidan ya koma ni kaɗai.
"Aibinta ke nan," in ji Kuwabara. "Ba ya gyaruwa."
Na ce na saba da shi.

Kiɗa uku kacal na iya,
na ukun ma yatsa na zamewa.
Na kaɗa su a kan ja, suka fito kamar na wata.
Na kaɗa su a kan tsohuwar,
kuskuren ya fito fili, tsirara, nawa.

An ce gani ya kori ji.
A bene na uku, ranar nan, ji ne ya yi kora.

Canjin da ya rage ya sayi 'yar lasifikar kunne,
don bangon ɗakina siriri ne
kuma Onodera maƙwabciyata
ƙarfe tara take kwanciya.
Na fito da ita a baya, lema a kanta,
ruwan yana dukana ni.