Dala Sittin

Ranar sadakar bakwai muka ɗaga gadon Baba,
sai ga goge a cikin buhun auduga,
ƙoƙon ya tsage, izgar ta tsinke,
fatar guza ta bushe kamar tafin manomi.
Shekara talatin muna ce masa tela.
Inna ta ce, "Ku tambayi Garwa,
ni ban ga komai ba."

Na sauka tasha da la'asar sakaliya.
Bappa Hamajoda ya goya ni a babur ɗin da ya girme ni,
ya ce, "Riƙe ni da kyau, yaro, in nuna maka
inda garin nan ya taɓa rasa barci."

Nan silima ce, in ji shi.
Na leƙa: buhunan siminti har rufi,
akuya na tuƙa inda ake yankar tikiti.
Can kuma gidan Magajiya Tasalla,
inda kalangu ke kiran direbobin Njamena da sunan kakanninsu
har su zazzage aljihu, su kwana babu na koko.
Yau kanti ne mai farar fitila,
ana sayar da maganin barci.

Ƙarƙashin wata dalbejiya, bayan gidan rediyo,
ya kashe inji, ya cire hula.
"Nan makaɗa ke zaman jiran kira,
suna gasa ganga a bakin wuta."
Na kasa kunne. Jemagu ne kawai.
Na ɗauki hoto, don kada a ce ban zo ba.

Bayan isha Yelwa ta buɗe ido.
Hayaƙin tsire, ƙamshin giwan ruwan Binuwai,
kowace rumfa da lasifikarta,
kowace lasifika na zagin 'yar'uwarta.
Faransanci a dama, Fillanci a hagu,
samari na rawa, waya a hannu.
Babu goge ko ɗaya.
Na ce, wa ya san Lawandi?
Wani ya ce, ɗan ƙwallo ne?

Ƙafa ta gaji, na zauna a bencin mai kifi,
tsohuwa ce, haƙoran gaba sun yi sallama.
Na miƙa hannu zan ɗebi yaji,
caraf ta kama yatsuna, ta kai su bakin aci-balbal.
"Wannan ɗan ƙaramin mai lanƙwasa,
na san mai shi. Ina ya shiga?"
Na ce ƙasa ta rufe masa ido, yau kwana arba'in.

Ta juya kifi.
Ta sake juya shi, ko da bai nemi juyi ba.
"Allah ya jiƙan rai.
Ina bin sa dala sittin."

Sunanta Kuluwa.
Ita ce murya, shi ne izga,
damina tara suna raba kuɗin liƙi a faifai ɗaya.
Wata Laraba ya ranci kuɗin motar Marwa,
ya ce Juma'a yana nan tafe.
Ba ta faɗi wace Juma'a ba, shi ma bai faɗa ba.

Sai ta rufe baki, ta fara ta hanci,
ƙasa-ƙasa, a ƙarƙashin hargowar lasifika,
tana buga cokali a gefen kasko.
Tsigar jikina ta tashi.
Wannan ai karin keken ɗinkinmu ne:
taka uku, tsaya, taka biyu,
abin da ya yi mana reno muna zaton ƙarar ƙarfe ce.
Ashe duk rigar sallar da na sa
da goge aka ɗinka ta.

Na ciro kuɗi, na ninka, na ajiye a faranti.
Ta ture da bayan cokali.
"Biya na kifinka, ka bar wancan.
In ka biya, da me zan riƙa tuna shi?"

Bappa na gyangyaɗi a kan babur.
Na tashe shi, na ce mu bi ta gada.
Ruwa na wucewa a duhu, ba ya gaya wa kowa komai,
ni kuwa ƙafata ta dama
tana taka uku, ta tsaya, ta taka biyu.