Harafi Mai Rawani

Ƙarfe uku na dare a tsibirin Saaremaa,
ƙanƙara ta cinye rabin tagar ofis,
jirgin ruwa na farko zai tashi ƙarfe shida,
ni kuwa ina zaune da sunaye ɗari biyu da sha ɗaya
waɗanda injin tikiti ya ƙi haɗiyewa.

Ranar Talata aka sabunta harshen.
Aka ce ya fi sauri, ya fi tsabta.
Ba wanda ya ce mini ya daina gane tsofaffinsa.

Dattijo Endel ne ya saƙa wannan manhaja
kafin ya koma ƙauye kiwon zuma.
A zamaninsa harafi ɗaya ƙwaya ɗaya ne,
ka ƙirga ashirin, ka sa almakashi,
ba mai kuka.
Yau harshen ya ce a'a:
rubutu daban, ƙwayoyin da ke ɗauke da shi daban,
kada ka zuba su a ƙwarya guda.
Kiɗa ya canza, ni aka bari da rawar.

Ga fasinja ta goma sha bakwai: Õie Põldmäe.
Harafin farkon sunanta yana da rawani a ka,
ƙwaya biyu yake ci, ba ɗaya ba.
Almakashin Endel ya bi ta tsakiyar wani irinsa,
sai allo ya tofar da alamar tambaya
a cikin baƙin akwati,
kamar yana ce wa matar, ke wace ce?

Na bi zaren layi bayan layi.
Inda yake shigowa na kwance masa ƙulli,
inda yake fita na ɗaure shi da kyau,
a tsakiya na hana kowa taɓa shi da ƙarfe.
Kofi ya huce. Na gyara guda, uku suka tsinke.
A layi na dubu da arba'in na tarar da saƙon Endel:
"Kar a taɓa nan, ban san dalilin da yake aiki ba."
Na yi dariya ni kaɗai, na taɓa.

Biyar da kwata, gwaji ya koma kore.
Injin ya yi tari, ya miƙo takarda mai ɗumi.

Ban taɓa ganin Õie ba.
Wataƙila jika za ta gani a Tallinn,
wataƙila likitan haƙori.
Za ta karɓi tikitin, ta cusa a aljihun riga,
ba za ta ko duba ba,
rawanin yana nan a inda uwarta ta ɗora shi.