Makulli Yana Gida Na Uku

Takardar jikin ƙofa ta ce:
in ka tarar a rufe,
makulli yana gida na uku, wajen Hilda.
Ni ce Hilda.

Shekara talatin da ɗaya ina ajiye shi
a gwangwanin shayi, bayan murhu.
Ya fi ludayi tsawo, ga nauyin tsiya.

Baƙi kan zo daga Landan, takalma duk laka,
su tambayi shekarun hasumiya.
In ce ɗari takwas, su jinjina kai,
su ɗauki hoton jarumin dutse
da ke kwance, hannu a ƙirji, hanci a karye,
karensa a ƙafa, bai taɓa haushi ba.

Ba mai tambayar benci na huɗu daga baya,
inda Osbert ya zana sunansa da wuƙa
har fasto ya murɗe masa kunne.
Shi ya kaɗa ƙararrawa ranar aurenmu,
ya shigo a makare, igiya ta saɓule masa tafi.
Yanzu yana waje, ta arewa,
inda gansakuka ke cin haruffa a hankali.

Ran Lahadi mu bakwai ne, har da fasto.
Rufi na yoyo, na jera bokiti uku,
su ma suna amsa waƙa: ɗis, ɗis.
Jemagu sun fi mu zuwa ibada.

Kowa ya daɗe ya ga daɗau.
Ku zo dai. Ku goge ƙafa.
Akwatin gyaran rufi na hannun hagu.
A maido min makullina kafin duhu.