Shafi na Ɗari da Sha Biyu

Fam biyu na saye shi, gwanjo, a Leeds.
Na taso aikin dare, ido na yaji,
na buɗe shi cikin bas.

Saurayin ya shekara ɗari huɗu,
ba shi da inuwa, bai san sallama ba,
ta taga yake shigowa.

Ta ce a'a. Na ƙirga, sau uku.
Marubuciyar ta ce idanunta sun amince.

A gidan tsofaffinmu,
ko hannun Misis Hargreaves zan ɗaga
sai na tambaya, sai ta gyaɗa kai.
Mako guda na koyi wannan.
Shi ƙarni huɗu bai ishe shi ba.

A Harehills na bar littafin kan kujera.
Na juyo na ɗauke,
kar 'yar wani ta tsinta.