Rabin Ƙyalle

Shekara arba'in ina ɗinki a Murtosa,
har ido ya gaji, zare ya daina samun kafar allura.
Na rufe keke da zane, na sayi fensir.
Ƙanena Belmiro ya ce, "Eulália,
masu rai ba su ishe ki ba, sai matattu?"
Na ce matattu ba sa katse mini magana.

A gidanmu labari ɗaya ake ci da burodi:
kakan babanmu, Anacleto, kyaftin ne,
jirginsa ya je Brazil sau tara,
gemu har ƙirji, murya kamar aradu.
Hoton jirgin yana falon Belmiro.
A gwanjo aka saye shi, amma wannan ba a faɗa.

Na fara da makabarta,
ina goge duwatsu da tsohon buroshin haƙori.
Gansakuka ta cinye rabin shekarun.
Fada Isidro ya ce tsofaffin littattafai sun koma Aveiro,
sai na zama 'yar motar ƙarfe bakwai,
kowace Talata, da kifi gwangwani a jaka.

Rubutun limaman da
kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito a buge.
Wata uku ina karanta sunan mutum ɗaya iri huɗu.
Na binne jarirai ɗari da ido,
na ɗaura auren baƙi, na yi kuka a kan wata Rosalina
da ba ta haɗa komai da ni ba.

Ran nan ana ruwa, yarinyar ma'ajiya ta kawo kwali.
Shekara ta dubu da ɗari takwas da sittin da ɗaya.
Layi biyar kacal:
an tsinci yaro da asuba
a akwatin juyi na jikin bangon gidan marayu,
inda uwa kan ajiye, ta juya katako, ta ja ƙararrawa,
ta ɓace kafin a kawo fitila.
Uba, ba a sani ba. Uwa, ba a sani ba.
An sa masa Anacleto.

Littafin aurensa ya ƙara kalma uku:
mai kwasar gishiri.
Wurin sa hannu, gicciye ne, shi ma a karkace.
Teku dai ya taɓa, iyakar idon sawu.

Amma a gefen shafin farko
an maƙale wani abu da fil mai tsatsa:
rabin ƙyalle shuɗi, faɗin yatsa biyu.
Ɗaya rabin yana wurin uwar,
don in ta dawo a haɗa, a ba ta ɗanta.
Shafin bai ce ta dawo ba.

Ba a yarda a taɓa ba. Na sunkuya da tabarau biyu.
An kalmashe bakinsa da ɗinkin hannu,
ƙanana, a jere, ba gaggawa,
kamar mai ɗinkin tana jan dare kada ya ƙare.
Kuma zaren ya kwanta ta baibai.
Na san wannan kwanciyar.
Malamar ɗinki ta sha buge mini hannu a kanta.
Bahaguwa ce.
Na dubi hannuna na hagu a kan tebur,
ya yi shiru, kamar an kama shi da laifi.

Belmiro ya saurara har ƙarshe, ya ture kofi.
"Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta."
Na ce to.
Ban ce ya sauke jirginsa ba,
Lahadi ma ni na goge masa ƙura.

A takardar zuriyar da nake zanawa
akwai gurbi sama da Anacleto, ba suna.
Jiya na yanko shuɗin yadi daga ragowar buhuna,
na kalmashe gefe uku da hagu.
Na huɗun na bar shi yadda almakashi ya bar shi.