Minti Uku a Charleston

Sun ba ni minti uku da agogo mai jan ido,
ni Velma Tackett, tsohuwar kukun makaranta.
Tun asuba na hau bas daga kwarinmu,
inda tsauni ke ba mu burodi,
ya karɓi kuɗinsa da numfashi.

Takardu biyu ne a jakata.
Ta farko ta kamfanin lantarki:
dala ɗari uku da sha ɗaya, Janairu kaɗai.
Wai matacin hayaƙi aka ɗora wa tashar,
doka ta ce a ɗora, aka ɗora,
sai kuɗin ya gangaro kamar ƙanƙarar da ta narke,
ya tsallake gidan manaja, ya tsallake banki,
ya tsaya a ƙofata ya ce sunansa farashi.

Ta biyu ta asibiti ce.
Orville, mijina, shekara ashirin da shida a ramin kwal,
huhunsa yau buhun gawayi ne da aka manta a ruwa.
Akwai na'ura a gefen gadonsa mai gurnani kamar kyanwa,
tana tace masa iska, tana shan wuta,
mita tana juyawa a waje, cikina yana juyawa a ciki.
Ku gaya mini, ranku ya daɗe,
wanne zan kashe in rage bashi?

Ƙudurinku na karanta shi sau biyu.
Ya ce duk ƙa'idar muhalli da nauyinta ya haura miliyan kaza
ba za ta taka ƙasa ba sai kun ɗaga hannu.
To. Ban ƙi ba.
Mai ɗora wa mutane kaya, gara a san fuskarsa.
Ɗana Dewey a tashar nan yake aikin dare.
In ta rufe, kantin Hensley zai bi ta,
sai ɗakin magani, sai ƙungiyar ƙwallon yara.
Na ga garin da ke gaba da mu ya mutu a tsaye,
tagogi da katako, murhu ba garwashi.

Sai dai sikelinku kwano ɗaya gare shi.
Na ga layin abin da kamfani zai kashe.
Ban ga layin Junie ba, jikata,
'yar shekara bakwai, gwanar tsalle da igiya,
mai kwana da abin shaƙa ƙarƙashin matashi.

Ban ga rafin bayan cocinmu ba,
wanda ya shekara tara yana zubar da tsatsa.
Bara kifi suka dawo.
Orville ya sa na tura kujerarsa har baki,
ya kalla, ya kalla, bai ce uffan ba,
ya cire hularsa kamar an shigo da gawa
ko amarya.
Nawa kuka rubuta wannan? Kashi nawa cikin kashi?

Agogo ya yi ja.
Wani mai jan laktaye yana shafa wayarsa,
wata a ƙarshen tebur tana rubutu kamar ana korar ta.
Shugaba ya ce, “Madam, kina goyon baya ko kina adawa?”
Na ce, “Ina biya.
Ku yanka, ina biya. Ku bari, ina biya.
Abin da na roƙa, ku ƙara kwano,
kuma duk wanda zai ɗaga hannu ya faɗi sunansa da ƙarfi,
don in san wa zan gaisar ranar zaɓe,
wa kuma zan aika wa katin rashi.”

Dare ya yi kafin in iso.
Orville ya ɗaga robar hancinsa ya ce, “Wa ya ci?”
Na ce, “Sun ɗage sai Talata.”
Ya yi dariya, dariyar ta zama tari,
tarin ya daɗe.
Na kashe fitilar kicin, na kashe ta baranda,
na zauna a duhu da rigar sanyi biyu,
ina sauraron na'ura tana saya masa, lita bayan lita,
abin da Allah ya ba kowa kyauta:
numfashi.